Ƙarar Sarƙa a Dutsen Kagoro

Tun asuba na rufe rumfar faci a Kafanchan,
na cusa sifana a aljihu, ko da za a buƙata.
Yau Didam zai yi tsere
a kan keken da na haɗa da hannuna.

Ɗan acaɓa ya ce dubu biyu zuwa gindin dutse.
Na ce ɗari takwas.
Ruwa ya kece, na biya dubu biyu.

A mararraba aka ce yanzun nan suka wuce.
Sai sawun taya a jar laka
da ɓawon ayaba.

Na ɗare motar citta, na zauna kan buhu ina atishawa,
direba na rantsuwa ya san yanke.
Yanken nasa ya kai mu rafin da ya cika ya batse.
Na tuɓe takalmi.

Masaukin baƙi na kan tudu ya cika da mutanen Abuja,
kowa da laima, kowa waya a sama.
Bobai mai gadi ya matsa mini a benci,
ya karya gasasshiyar masararsa biyu.

Gajimare ya sauko ya haɗiye kwanar,
ba a ganin ko hular mutum.
Amma na ji ta:
ƙyas, ƙyas, duk juyi na uku,
haƙorin nan da na ce zan canja ran Laraba.

Shi ne na goma sha ɗaya.
Bai ɗago kai ba, ni ma ban kira shi ba.
Na tsaya riƙe da sifana
ina ƙirga ƙarar har ta nutse a gangara.