Kan da Ban Kitsa Ba

Shekara talatin ina kitso a Bagalam,
a rumfar nan mai duban hanyar kasuwa.
Kan amarya, kan mai jego, kan 'yar lakwal,
babu wanda ya gagari yatsun Kuluwa.
Sai ga Nomau direba, ɗan yayata,
ya sauko daga Kotono da la'asar sakaliya,
ya dire kwali a gabana yana murmushi:
"Inna, ga kai nan, in kin isa ki kitsa."

Na buɗa. Na ja da baya.
Ɗan tunkiya ne wannan, ko kuwa mussa?
Kunnuwa fatan-fatan irin na jemage,
ƙafafu sirara kamar sillen kara,
gashin kuwa a nannaɗe, layi bin layi,
kamar yashin gulbi in ruwa ya janye.
Har gashin bakinta ya ƙi miƙewa.
Kafin magariba yaran unguwa
sun raɗa mata suna Taliya.

Tsahara mai ƙuli ta leƙo ta katanga,
ta ce, "Wuta ce ta babbake ta."
Mijinta ya ce a'a, ƙazuwa ce,
a kai ta bayan gari tun da sauran rana.
Na saɓa ta a zane har gun likitan dabbobi.
Ya juya ta, ya duba haƙori, ya yi allura,
ya ce, "Lafiyarta lau, Hajiya.
Gado ne, haka ta faɗo duniya."

Amma hannun da ya saba ba ya jin magana.
Na ɗauko matsefi da man gyaɗa,
na danne ta tsakanin gwiwoyi
yadda nake wa 'ya'yan mutane.
Gashi ya karye, ya biyo matsefi.
Kwana biyu tana ƙarƙashin gado,
ko kan kifi na miƙa, sai ta kau da fuska.
Ni da ake biya in gyara kai,
ranar na san akwai gyaran da ɓarna ne.

Yanzu da yatsa nake bi, a hankali,
inda nadin ya nufa, can nake nufa.
Ran Juma'a auduga da ruwan ɗumi,
in share dattin kunne, tana ƙunƙuni.
Wanka sai maiƙo ya taru a wuya,
ba na goge ta, tsumma nake dafawa,
ta bushe a inuwa, nadin ya koma gidansa.
Rigarta ba kauri: ranar bazara na gasa ta,
sai in tsare ta a ɗaki har azahar ta sauka.
Daren damina kuma, in iska ta taso,
ta shige zanena tana makyarkyata.

Ci kuwa, kamar mai noman gandu.
Ɓera na wucewa ta gaban hancinta
da ƙulin Tsahara a bakinsa,
ita tana kan kafaɗata, tana duban
yadda nake raba tsaga.

Bana yatsuna sun soma ciwo.
Da asuba sai sun ƙi lanƙwasuwa.
Ban gaya wa kowa ba, har Nomau.
Ita ce ke zuwa ta kwanta a kansu,
jikinta zafi kamar masa daga tanda,
har su saki, in ɗauki allurar kitso.

Jiya wata 'yar Sabon Gari ta zauna,
ta nuna ta da baki, ta ce,
"Inna, irin na Taliya nake so,
ko jikka biyu ne zan biya."
Na ce, "'Yar nan, sunkuyo in yi miki shuku.
Wanda ya yi wancan kitso
bai taɓa ɗaukar 'yar koyo ba."