Bakan Gizo a Salula

Saura kwana tara a yi zaɓe
bidiyon ya shigo Bagalam ta salular Rabe mai kabu-kabu:
wani gari can ƙetaren teku,
maza da mata da tutoci masu launin bakan gizo
suna rawa bisa kwalta wadda ba ta da rami ko ɗaya.
Wallahi ni kwaltar na fara kallo.

Washegari motar Alhaji Nomau ta ɗauki zancen,
lasifika biyu a ka kamar kunnuwan jaki:
"Ku zaɓi Mushe Jari, ku ga wannan a ƙofar gidanku!"
Mushe Jari, da allin lakwal ya cinye wa yatsu,
wanda iyakar tafiyarsa Ɗan Isa,
alkawarinsa guda ne tak:
lambatu, don ruwa ya bar kwana a ɗakunanmu.

Ba a ce Mantau ba, amma kowa ya waiga.
Shekara talatin yana tuƙa tuwo a bakin tasha,
da rangwaɗarsa, da tafinsa, da habaicinsa.
Wa bai ci bashinsa ba?
Ni kaina jika biyu yake bi na tun azumi.
Satin nan benci ya bushe,
miya ta yi fata a tukunya,
wani yaro ya yi jifa, uwarsa ba ta ce kul ba.

Ranar zaɓe yana gabana a layi,
an bar masa fili gaba da baya kamar mai ƙyanda.
Ya ce, "Tela, ina kwana?"
Na duƙa ina gyara takalmin da bai kwance ba.

Bayan labule ba kowa,
amma na ji idon unguwa a ƙeyata.
Na dangwala wa Alhaji.
Muka fito, tawadar yatsansa irin tawa.

Damina ta zo ba ta tambayi wa ya ci ba.
Jiya mun kwana kwalfa da kwanon sha,
kekena na ɗinki bisa bulo huɗu.
Da la'asar hadari ya janye,
bakan gizo ya tsaya kan Gulbi,
yara na ihu suna nunawa.

Jika biyun na aljihuna.
Sau uku ina zuwa kwanar tasha
in juyo.