Allon Tagulla

A Ikko na ga gida mai allon tagulla a goshi,
an rubuta shekararsa, an rubuta sunan mai shi.
Gishirin teku na cin bangon,
hukuma na biyanmu mu toshe inda ya ci.
Ko ƙusa ba a kafawa sai da takarda.
Wata bakwai ina shafe da hannun nan.

Na dawo Taura ana sharar gona.
Soron kakana Barau ya buɗe baki ta gabas,
azara biyu sun zame,
indararo na ƙasa, 'yan awaki na tsallake shi.
Shi ya cura tubalin nan, ɗaya-ɗaya,
da ƙasar kududdufin bayan masallaci,
shekarar da ya sai da jakinsa mai kunne guda.
Wa ya rubuta?
Inna Dudu kaɗai ta riƙe,
ita ma lissafin ya fara zube mata.

Ƙanena ya ce a rushe, a sa bulo da kwano.
Ban tanka ba.

Da asuba na kwaɓa ƙasa da ramno,
na jiƙa makuba,
na hau tsani kafin hadarin farko.
A jikin yaɓen, tun yana ɗanye,
na danna tafina, yatsu biyar.