Littafi Mai Ƙofa Biyu

A Sabon Gari na sayo shi, layin masu takarda,
baƙin bango, ganye ɗari biyu,
irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki.
To, ai bashin ne.
Naku ne, Rufaida, ke da Ukasha,
mun daɗe muna riƙe muku shi a baka.

Ni na buɗe ta hagu, da boko,
da hannun da ya shekara arba'in yana kwance rediyo a Fagge,
hannun da yau biro ke kayar da shi.
Kakarku Tasalla ta karɓa, ta juya, ta buɗe ta dama,
ta ce ajaminta bai san hanyar hagu ba.
Littafi ɗaya, ƙofa biyu,
kamar gidanmu na Yakasai kafin a toshe ta baya.

Na rubuta:
kakana ya shigo birni ta Ƙofar Mazugal
da jakai uku da mangul na gishiri,
biyu nasa, ɗaya na aro,
kuma har ya rasu na aron bai koma ba.
Ta leƙo ta ce, har wannan sai ka tona?
Na ce wanda ya ɓoye jakin aro yau,
gobe jikansa zai rantse da raƙuma muka zo.

Mun yi musu kan shekarar aurenmu.
Ni na ce shekarar da motoci suka koma hannun dama,
ita ta ce shekarar da naira ta kori fam.
Kowa ya rubuta nasa.
In kun girma ku raba gardamar,
amma ku sani ba ta taɓa mance kwanan wata ba,
ni kuwa hulata ma sai an nuna mini.

Rannan ta tafi barka, na saci kallon gefenta.
Ga yawan kanwar da ke isar ɗanwake,
ga sunan matar da ta ba mu aron tukunya
lokacin da ruwa ya cinye mana ɗaki,
ga ƙyallen zanen goyon babanku
an manna shi da ƙaro.
Sai wani shafi mai layi uku kacal:
Sa'adu. Hajjo. Da wadda ba ta kai suna ba.
Waɗanda suka koma kafin yaye.
Shekara hamsin ba ta ambace su a gabana ba.
Tawada ta baje a gefe guda.
Da na tambaya, ta ce ruwan alwala ne.
Na ce haka ne.

Ukasha, kai ka ce mini,
Kaka, ku yi magana kawai in ɗauka a waya.
Yaro, ni na san murya.
Na ga yadda take cika ɗaki,
na ga yadda take ficewa in batir ya mutu,
ko sallama babu.
Takarda ba ta neman caji.
Gara kaɗai za ku tsare mata.

Kullum bayan isha'i, in an kawo wuta ko ba a kawo ba,
shafi ɗaya nawa, shafi ɗaya nata,
muna takowa a hankali, kowa daga ƙofarsa,
kamar ranar da na fara tare ta a bakin rijiyar Mai Unguwa.
Jiya na ƙirga, saura ganye talatin a tsakani.
Mun shirya ba za mu haɗu ba.
Tsakar gidan nan taku ce,
ku share, ku shimfiɗa tabarma, ku rubuta naku.

Rufaida, amaryata mai giɓi,
kada ki gyara mini kuskuren baƙi,
a nan za ki gane hannuna.
Ukasha, in ka iya ajami, karanta wa 'yar'uwarka,
in ba ka iya ba, ga dalilin koyo.

Kuma in Allah ya haɗa ku
da jikokin mai jakin nan,
ku gaishe su.
Ku ce ba mu manta ba.