Teku a Hawa na Biyu

Ƙasarmu ba ta da teku.
Bohumil ya san haka: shekara talatin da huɗu
yana tuƙa tarago a titunan Brno,
bai taɓa sauke fasinja a bakin gaɓa ba.
Ran da ya ajiye aiki ya kwashe hotunan bangon falo,
ya zaro magwaji, ya ce, "Ludmila, riƙe nan."
Na riƙe.
Mita biyu da rabi.

Tun daga ranar bangon ya zama allo.
Fensir a bayan kunne, yana zana inda ruwa zai tsaya,
inda zai malala zuwa ƙaramin tanki na ƙasa,
inda bututu zai huda kabad ɗin uwata.
Lita dubu da ɗari biyu, in ji shi,
gilashi mai kaurin babban yatsa,
gishiri ya fi kilo arba'in kafin a ce an fara.
Na ce, ni ko a miya ƙyas nake sawa.

Vratislav na hawan ƙasa injiniya ne, ya hau da fitilar hannu,
ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa daɓe kamar mai sayen kankana.
Ya ce nauyin ya kai na mota,
kuma daidai ƙarƙashinsa gadonsa yake.
Mako uku suna gardama kan ginshiƙin ƙarfe,
suka cinye mini tulun zuma guda a shayi.

Sai duwatsu suka iso, farare, masu ramuka kamar cuku.
Ya jiƙa su a robobi cikin banɗaki,
da ɗan famfo da abin ɗumama ruwa.
Wata biyu muna wanka a takure.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse,
ban zaci a gidana za a ɗora tukunyar ba.

Kifi fa? Tukuna.
Murjani fa? Tukuna, Ludmila.
Sai ruwan ya nuna, sai ƙwayoyin da ido ba ya gani sun zauna,
sai gansakuka ta zo ta yi mulkinta ta wuce,
sannan dodon koɗi, sannan jatan lande ɗaya tak.
In wuta ta ɗauke cikin sanyi, ga batir a bayan kujera.
In gilashi ya tsage, bai ce komai ba,
ya dai dubi daɓe, ya tuna da Vratislav.

Wani dare dusar ƙanƙara tana sauka a kan wayoyin tarago,
na tambaye shi murjanin nan yaushe zai cika tanki.
Ya ware yatsu biyu, tazarar ba ta kai goro ba:
"Mai rassan nan, kamar haka a shekara, in ya ji daɗi."
Na lissafa a zuci.
Shekararsa saba'in da ɗaya, ga ƙwayoyin likita a jere kan taga.

Da ya yi barci na buɗe littafinsa mai koren bango.
Litinin, gwada gishiri.
Alhamis, ɗiga biyar, a girgiza, a jira launi.
Kada a zuba ruwan famfo, ko da an matsu.
Ruwa ba ya tsami banza, a nemi dalili.
Rubutun manya-manya ne, ba irin nasa ba,
shi da ke rubutu kamar sawun kiyashi.
Ni ce mai tabarau a gidan nan.

Da safe ban ce na gani ba.
Na goge teburin, na ajiye kofi,
na ce ya nuna mini wannan abu na gwada gishiri,
ta wane gefe ake leƙawa.
Gilashin sai watan gobe zai zo, mutum shida za su hau da shi.
Bangon dai har yanzu fensir ne kawai,
amma na lura na daina jingina tsintsiya a wurin.