Dillali Marar Fuska

A Karantina, bayan isha'i, Jidda na ta zufa.
Na zauna bakin ƙofa da waya a tafin hannu,
butar gahawa ta tagulla a gabana.
Kwana biyu ina dirzar ta da toka da lemun tsami
har na hango giɓin haƙorina a jikinta.

Riyal ɗari huɗu aka taya.
Wani a Ta'if ya ɗora ashirin,
wani a Dammam, ban san ko yana da gemu ba, ya ɗora talatin.
Lokaci ya cika, ciniki ya faɗa shiru, ba mai cewa albarka.
Na yi hamdala da ƙarfi
har Suwaiba ta leƙo da ludayi a hannu.

Sai lissafi ya sauko.
Kuɗin kafa hoto.
Kuɗin ɗaga hoton kada ya nutse a ƙasan na wasu.
La'ada, wadda bara biyar ce cikin ɗari,
da azumi ta yi ƙiba ta koma takwas,
yau ga ta sha biyu, ko sallama ba ta yi ba.
Kuɗin karɓar kuɗi, wannan kam ban taɓa jin irinsa ba.
A yanka akuya, a ce kuma ta biya hayar wuƙa.
Na cire na kwali, na cire na mai kai saƙo,
saura ɗari biyu da casa'in.
Ni kuwa ɗari uku na ƙirga wa tsohuwar da ta sayar mini,
tana ƙirgawa bayana da yawu a yatsa.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ubana Sammani shekara talatin ya yi
a kan garwa, a gwanjon Sawarikh,
yana kiran farashi da Larabcin da Hausa ta riƙe wa wuya.
La'adarsa riyal biyu ce.
In ka marairaice ya bar maka ɗaya,
in an yi maka haihuwa ya bar duka, ya haɗa ka da dabino.
Ana ce masa ɓarawo ido da ido,
ya rama, a rabu, la'asar ta haɗa su kan shayi guda.

Wannan dillalin ba ya shan shayi.
Na rubuta masa kukana, tsawon zira'i,
kafin in ajiye waya ya amsa:
mun gode da tuntuɓa, jin daɗinku shi ne burinmu.
Na sake, da zagi a ciki.
Mun gode da tuntuɓa.

Suwaiba ta ce, to ka fita mana, dole ne?
In fita in je ina?
Masu saye duk sun tare a bayan gilashin nan,
rijiya ɗaya ce a garin, mai ita ya san haka,
kullum igiyar guga ƙara tsada take.

Akwai abu guda da ya rage a shafina:
rediyon Sammani, mai jakar fata,
wadda yake kamo Hausa da ita da asuba, kunne manne,
yana tsawata mana mu yi shiru gida na magana.
Kuɗin haya ne ya sa na kafa ta ranar Talata.
An taya sittin.
Na danna in janye.
Aka ce janyewa riyal sha biyar.

Na yi dariyar da ta tayar da yaro daga barci.
Na biya.
Sha biyar, don in mallaki abin da na gada.

Na sa mata batir, na murɗa.
Ba ta kamo kowa ba, shuuu kawai, kamar teku a Kornish.
Suwaiba ta ajiye tuwo tsakaninmu, ba ta ce a kashe ba.
Mai gida zai zo ranar Asabar.