Ƙafa Ɗari Uku

Dare na huɗu ke nan ban runtsa sosai ba.
Jidda na kwance cikin gumin teku,
ni kuwa ina ɗaki mai sanyi, marar taga,
inda sama ta koma baƙin allo,
jirage suka zama ƙwayoyin gero masu rarrafe.

Kujerar Mish'al ba kowa.
Minti biyar, in ji shi, zai wanke fuska.
Ya bar mini rabonsa na sararin Allah
kamar mai barin akuya a hannun maƙwabci.

Goma sha bakwai a hannuna,
lokacin aikin Hajji, kowa na neman ƙasa.
Na ce wa na Kano: sauko dubu goma sha ɗaya.
Ya maimaita, ya gode.
Na juya ga na Istambul da ya tashi yanzu,
dubu goma ce a zuciyata,
sha ɗaya ta fito a baki.
Harshe ne ya zame, bai wuce haka ba.
Tabarma ɗaya na shimfiɗa wa baƙi biyu
a kan Bahar Maliya, cikin duhu.

Gahawa ta huce a kofi.
Na duba gabas, na sallami wani.
Da na dawo da ido
ƙwayoyi biyu sun yi ja,
suna neman juna kamar 'yan uwan da suka daɗe ba su gana ba.

Na danna, na kira. Muryoyi biyu suka hau kan tawa,
sai ƙara.

Ba ni na raba su ba, kada a rubuta haka.
Wata na'ura ce a cikin kowannensu,
wadda ba ta da 'ya'ya, ba ta bashin haya,
ta ce wa wannan hau, ta ce wa wancan sauka.
Suka gifta.
Ƙafa ɗari uku.
Daga ƙofar gidanmu a Karantina
zuwa tandar mai tamis, iyakarta ke nan.
Ɗiyata Rumasa'u tana zuwa ta dawo
kafin shayi ya tafasa.

Shugaban aiki ya zare abin ji daga kunnena
a hankali, kamar mai cire wa mamaci zobe.
Ya ba ni takarda, layi shida:
bayyana abin da ya faru.
Ina zan sa dare huɗu a layi shida?
Ina zan sa kujerar da ba kowa,
da mutum biyun da aka ce za a ƙaro tun bara?

Kakana Ɗanjummai ya taso daga Haɗeja a ƙasa,
shekara bakwai, ya yi noma a Sudan don kuɗin jirgin ruwa,
mutum tara ya jagoranto, tara ya kawo.
Ni ina zaune, da sanyi a ƙeya.

Da asuba na gangara rumfar alhazai.
Ga su nan, fari fat, da jakunkuna iri ɗaya,
suna cacar baki kan layi,
wani na neman takalminsa ƙafa ɗaya.
Na tsaya ina ƙirga su. Na ɓace a ɗari biyu da wani abu.

Wata tsohuwa ta ja hannun rigata:
"Ɗan nan, kana jin Hausa? Ina ruwa?"
Na kai ta. Ta sha, ta goge baki da mayafi.
"Tafiya lafiya lau," ta ce,
"sai dai dab da sauka jirgin ya yi tutsu,
shayi ya zube mini a cinya. Duba."

Na duba. Tabo ne kamar tafin jariri.

Ta kwance bakin zane, ta ɓallo mini rabin goro,
ta ce Allah ya yi mini albarka.
Bakina ya ƙi cewa amin.
Goron na aljihuna har yau, ya bushe,
takardar kuma ban cike ba.